Ranar da Na Ce Ban San Baƙona Ba

Ƙanwata tana zaune a Tambuwal, layi uku tsakanin ɗakin da nake kwana da gidan da aka ba ta aro. Shekara biyu na yi ina zuwa gaishe ta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In zauna a tabarma, ta ba ni ruwa, mu yi maganar tsadar gero da ciwon gwiwarta, in tashi. Duk fitowar da zan yi da niyyar in faɗa mata wata magana nake fitowa, kuma duk sai in koma da abata. Maganar ta shafi mutuwar mijinta da babban ɗanta. A cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya ita kaɗai ta rage mini, kuma na san in ta ji, da wuya in ci gaba da samun wurin zama a tabarmar nan.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe. Manoma ne mu, ni kuma ina haɗawa da awon hatsi ranar kasuwa. Gidanmu ya gaji wata al'ada: mu ne masu masaukin wani gidan Fulani. Kakana ya sauki kakansu, ubana ya sauki ubansu, da ubana ya rasu abin ya faɗo kaina. Idan an gama girbi sai su iso da shanu su kafa ruga a gonarmu ta tudu, shanu su ci kara su bar mana taki. Ranar kasuwa zaurenmu nasu ne. Nan mazan suke ajiye sanduna da adduna, don ba a shiga kasuwa da makami, matan kuma su shiga cikin gida su sha ruwa kafin su wuce da ƙwaryar nono.

Amma babban aikin mai masauki shi ne shaida. Idan baƙo ya kawo saniya kara, wurin da ake cinikin dabbobi, aka yi shakkar ta sata ce, ko aka ɗora masa wani zargi, ba a taɓa shi sai an tambayi mai masaukinsa. In mai masauki ya ce, "Baƙona ne, na tsaya mai," to magana ta mutu, kowa ya kama gabansa. Ina ƙarami na ga ubana ya faɗi haka sau biyu, ko tashi daga zaune bai yi ba.

Mai gidan rugar a zamanina wani tsoho ne dogo, siriri, ido ɗaya ya yi yana. Baffa nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

"Kaɗo," in ji shi in ya shigo zaure, "har yau ba ka koyi tatsa ba?"

"Baffa, kai har yau ka koyi riƙon hauya?"

"Allah shi tsare ni da wuni duƙe, kamar wanda allura ta ɓace wa. Kawo goro in kana da shi."

Yana da ɗa namiji guda, wanda na girma da kamar shekara goma. Mutum ne marar yawan magana, Kawu yake ce mini. Ranar sunan 'yarsa ta fari ni na yanka ragon.

Akwai abu ɗaya da ya shiga tsakanina da tsohon, kuma dole in faɗe shi tun yanzu. Gonarmu ta tudu tana iyaka da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Wata damina na ƙara kunya huɗu a cikin burtalin. Da suka dawo da rani ya tsaya ya duba, ya ce, "Kaɗo, gonarka ta yi ƙafafu. Bara ta tsaya ga tsamiya, bana ta wuce ta." Na yi dariya, shi ma ya yi. Ya sake maimaitawa da wata shekarar, ba dariya. Ban ja da baya ba.

Daga nan ƙasa ta lalace. Aka fara kore shanun huɗa daga ƙauyuka, aka fara tare mutane a hanyar Kebbe ana shiga da su daji. Tsohon shi ma ɓarayin nan sun kwashe masa fiye da rabin garkensa, a zaurena ya zauna yana ba ni labari yana murza hannu. Amma a bakin mutanen gari an daina rarrabewa. Matasa suka haɗa ƙungiyar sintiri da bindigogin gida, suka samo shugaba daga wani ƙauye can gaba da mu. Wata kalma ta shigo, infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari. Duk wanda aka liƙa wa ita ya shiga uku. Sati biyu kafin abin da zan faɗa, an karya wa wani mai shayi hannu don an ga wani Bafillace ya daɗe a teburinsa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Tsohon ya biyo zaurena kamar kullum, ya jingine sandarsa da addarsa, ya ce zai sayar da ɗan maraƙi ya sayi gishiri da dawa. Na wuce layin masu awo na shimfiɗa buhuna. Ban daɗe ba na ji hayaniya ta wajen kara. Sai ga shugaban 'yan sintirin ya taho shi kaɗai, ya tsuguna kusa da ni, ya damƙi gero yana dubawa kamar mai saye. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wani tsoho munka kama ga kara. Ya ce kai ne mai masaukinai. Ka san shi?"

Na ɗaga kai. Daga inda nake ina hango shi, an zaunar da shi a ƙasa, an ɗaure masa hannu da rawaninsa. Ba ya roƙo, ba ya gardama. Layin masu awo yake kallo, yana jiran in taso.

Na ce, "Shina dai aje sanda zaurena ranar kasuwa. Abin da shika yi cikin daji, ni ban sani ba."

"Ke nan ba ka tsaya mai ba."

Na kawar da kai gefe. Ya zubar da geron, ya karkaɗe hannunsa, ya tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da cika mudu ina zubarwa a buhu, ba mai saye a gabana.

Shekaru ina gaya wa kaina tsoro ne ya kama ni, kuma gaskiya ne, tsoro ne ya fi yawa. Ina da mata da yara, na ga hannun mai shayi. Amma a cikin ɗan lokacin da mutumin nan ya yi yana wasa da gerona, wani tunani ya gifta mini: in tsohon ya daina zuwa, ba mai sake yi mini maganar burtali. Ban riƙe tunanin ba, amma ya zo, kuma ban kore shi ba. Ban yi zaton za su kashe shi ba. Ban kuma yi zaton za su sake shi ba.

Kafin azahar suka ja shi bayan kasuwa, wajen kwari. Muka ji ƙara sau biyu. Matarsa, wadda take tsaye kusa da shi a kara lokacin da shugaban ya koma ya ce masa ƙasa-ƙasa mai masaukinsa ya ce bai san shi ba, ta bar ƙoranta a nan ta gudu ba takalmi. Kafin wayewar gari rugar ta tashi.

Mutanen gari ba su san an tambaye ni ba. Na ce musu ina wurin alwala abin ya faru, sai daga baya na ji. Wasu har jaje suka yi mini. Bayan 'yan watanni shugaban sintirin shi ma aka kashe shi a hanya, sai na ga kamar asirina ya rufu. Sandar da addar na tura su ƙarƙashin rumbu. Na ci gaba da salla a sahun gaba.

Shekara ta zagayo, damina ta sauka. Mijin ƙanwata ya kira gayya don noman gonarsa ta fadama, kamar yadda ake yi: maza su taru da hauya, mai ganga yana kaɗa musu, mata su kawo fura da tuwo. Ni ya kamata in fara isa, tunda surukina ne. Da asuba na duba na ga bakin garmata ya tsage, sai na hau kabu-kabu zuwa Kebbe wurin maƙeri, da nufin in dawo kafin a kawo abinci. Hanyar ta yi laka, muka makara.

Da muka kusa gari na ga mata suna gudu ta cikin gero, wasu ba kallabi. Waɗanda suka tsira sun ce babur ɗaya ne ya tsaya a bakin gona, mutum biyu a kai. Mai tuƙi bai sauka ba. Na bayan ya sauko da bindiga irin ta sojoji, bai rufe fuskarsa ba. Ya bi layin manoman da kallo daga farko har ƙarshe, kamar mai neman wani. Sannan ya fara harbi. Duk sun gane shi. Ɗan tsohon ne.

Mutum tara muka yi wa sutura a ranar. Akwai mijin ƙanwata, da ɗanta na fari wanda aka sa wa ranar aure bayan girbi. Akwai mai gangar, igiyar gangar na rataye a kafaɗarsa. Akwai wani mutumin Sanyinna da ya zo gaishe da dangin matarsa, ya ga ana gayya, kunya ta hana shi zama, ya ari hauya. A cikin taran, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa shiga sintiri, shi ma bayan mutuwar tsohon ya shiga. Ni na riƙe kan surukina aka sa shi a rami.

Kafin a yi girbi ƙauyen ya watse. Wasu suka yi Dogon Daji, wasu Kebbe, mu muka yo Tambuwal. Na samu aikin ɗinkin buhu a wurin masu hatsi.

Akwai wata rumfa kusa da tasha inda mu 'yan gudun hijira muke zama bayan la'asar. Ba sati da zai wuce ba a tayar da maganar ba. Wani tsohon malamin firamare yakan ce, "Ku dai ku faɗi gaskiya, an zalunci yaron nan. Anka kashe mai uba rana tsaka, ba alƙali ba shari'a. Ina za shi kai kuka?" Wani mahauci da ya rasa ƙanensa yakan tare shi: "Malam, to ba shi lambar yabo mana. Ƙanena shi ya kashe mai uba?" Su yi ta yi har a kira magariba. Ni ba na sa baki. Amma na lura da zuciyata. Ranar da nake son in ji sauƙi, sai in bi mahaucin: mugu ne kawai, ko an yi masa ko ba a yi ba zai yi. Sai in tuna mutumin da na sani, wanda yake sunkuyar da kai in zai gaishe ni. Ranar da na bi malamin kuwa, sai in ga in yana da hujja, to ni ne hujjar, kuma mutum tara sun zama kamar abin da ya dace ya faru. Wannan ma zuciyata ba ta karɓa.

Wata ranar Talata ina cikin ɗinki, wayata ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba.

"Kawu, kana lafiya? Ina iyali?"

Basillar ta faɗi daga hannuna. Na tashi na koma bayan tarin buhuna.

"Ka gane mai magana?"

"Na gane."

"Inna ta rasu, watan jiya. Kafin ta cika ta ce in tambaye ka abu guda. Mi tsoho ya yi maka?"

"Bai yi mini komi ba."

"To. Ita ta so ta ji. Ni na sani."

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na ce, "Ni ma in tambaye ka. Mijin ƙanwata mi ya yi maka?"

"Tsohona mi ya yi ma garinku? Kasuwa cike da mutane, Kawu. Wa ya buɗe baki?"

"Mijin ƙanwata ranar nan shina kwance da zazzaɓi. Baƙon Sanyinna ko kasuwarmu bai taɓa takawa ba. Mai ganga kuwa gidanai matanku sunka ɓoye da sunka gudu."

Ina jin kukan shanu ta wajensa.

"Ban tambayi sunan kowa ba," in ji shi. "Su ma ba su tambayi tsoho ba. Kai anka tambaya." Ya ja numfashi. "Kai nika nema ranar nan. Anka ce mini gayyar surukinka ce, ba ka rasa zuwa."

Na zauna a kan buhu. Na ce, "Da ka ishe ni, da ka bar su?"



"Ban sani ba, Kawu."

"Mi kaka so yanzu?"

"Ka ce ina da gaskiya."

"Kan tsoho kana da gaskiya. Kaina ma kana da ita. Kan mutum taran nan ba ka da ko kaɗan."

"Haka Inna ta ce," in ji shi. Ya kashe wayar. Na kira lambar daga baya ban san iyaka ba, ba ta sake shiga ba.

Karatuna bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba, ba ni da ilimin yanke wa kowa hukunci. Amma na yi ta juya maganarsa, kuma ga inda na tsaya. Zaluncin da aka yi masa gaskiya ne, ni na fi kowa sani. Sai dai da bakinsa ya ce bai tambayi sunan kowa ba. Abin da 'yan sintiri suka yi wa ubansa ke nan: sun ga Bafillace, ba su ga mutum ba. Shi ma ya ga layin Hausawa duƙe da hauya, bai ga mai ganga ba. Da zalunci yana halatta wa mutum jinin duk wanda ya yi kama da azzalumi, da ƙananan 'ya'yan ƙanwata ma suna da iznin su girma su nemi wata ruga. Kuma jinin taran bai mayar masa da komi ba. Mutumin da ya samu abin da yake nema ba zai kira maƙiyinsa yana roƙon a ce masa yana da gaskiya ba. Amma duk wannan bai rage mini nawa ba. Da na faɗi abin da ubana yake faɗa daga zaune, da tsohon ya koma ruga da gishirinsa.

Juma'ar da ta biyo baya na tafi gidan ƙanwata. Na same ta tana tsince wake a faifai, don ƙosai take soyawa da safe tana ciyar da yaran. Ta kawo ruwa ban sha ba. Na fara daga ranar kasuwa, ban tsallake komi ba, har wayar. Ba ta katse ni ba. Hannunta bai daina tsintar ba sai da na zo wurin da ya ce ni yake nema.

"Yaya," ta ce, "shekara biyu kana zama nan kana kallona."

"Haka ne."

"Ranar da anka kawo su, kai ka riƙa ni kana ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Haka ne. Ni na kashe su."

"A'a." Ta ajiye faifan. "Kada ka ɗauke mai. Shi ya ɗauki bindiga, shi ya harbi ɗana ga baya shina gudu. Kada wani ya zo ya ce mini shina da dalili, ko kai ko wani. Nashi daban. Naka kuma daban, kuma bai zama ƙarami ba don nashi ya yi girma."

Na ce ta yafe mini. Ta dubi ƙofar ɗaki, inda yaran suke.

"Ba ni kaɗai ba ce. Biyu nawa ne, saura bakwai suna da gidajensu. Suna can suna tambayar Allah mi sunka yi. Tafi ka faɗa musu abin da ka faɗa mini, gida-gida, da bakinka. In ka gama ka komo mu ga abin da zuciyata za ta iya. Kafin nan kada ka shigo mini."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki faifan ta shige ɗaki.

Wata biyar ke nan. Gida biyu na je. A Dogon Daji uwar mai gangar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Allah ya isa tsakaninta da mu duka, ta sa aka raka ni waje. Na biyun gidan mahaucin ne. Bai taɓa ni ba, amma tun daga ranar in na doso rumfar tasha sai a yi shiru, don haka na daina zuwa. Matata ta ce in dakata haka nan kafin wani ya ce mini infoma, ko ya yi abin da ya fi haka. Ba ta yi ƙarya ba. Ta ɓangaren tsohon kuwa babu wanda ya rage da zan je wa. Matarsa ta mutu, ɗansa yana inda ba a zuwa.

Saura gida biyar. Na gaba shi ne na Sanyinna. Matar mutumin ta koma gidan iyayen mijin da yara uku, kuma an ce mini har yau tana zargin kanta, tunda danginta ya je gaisarwa. Sau biyu ina zuwa tasha in samu mota, in tsaya har ta cika ta tashi. Na hango ƙanwata shekaranjiya a wurin niƙa, ta gan ni, ta gyara mayafinta ta juya wa hanya baya har na wuce.